Yadda Yatsuna Suka Raɗa Suna a Dajin Laberiya

Kumasi ce ta fara koya mani cewa takardar shaida ba ta cika ciki. Na sauka tasha da jaka ɗaya, da takardata ta gama koyon buga rubutu a cikin leda, da lambar wani mutum da aka ce mani yana sama wa ƴan Nijar aiki a buro-buro, wato ofisoshin masu haƙar zinariya. Mutumin ya zo da farar riga yana ƙamshin turare, kowace magana sai ya ce mani "ɗan'uwa". Ya karɓi abin da ke aljihuna da sunan cike takardu, ya zaunar da ni bisa benci a bakin wani dogon gini, ya ce kada in motsa. Ni kuwa ban motsa ba har la'asar. Da na gaji na tambayi mai gadi, sai ya ce mani ginin nan asibitin haƙori ne.

Sunana Lawali. Asalina wani ƙauye ne kusa da Kanan-Bakashe, amma a Tasawa na yi wayo. Can nake da ɗan teburi kusa da meri, ofishin magajin gari, ina buga wa mutane takardu a ordinata, wato kwamfuta. An ce yabon kai jahilci, to a yi mani afuwa: ina buga rubutu ina kallon fuskar mai magana, ban san duban yatsu ba. Da shaguna irin nawa suka yi yawa, kowa kuma ya sami waya, sai kasuwa ta mutu a hannuna. Na fito na bar matata Hadiza da cikin fari a wurin Inna, mahaifiyata, don ita Hadiza tata uwar ta rasu ana dab da bikinmu, ba ta da inda za ta je goyon ciki.

Akwai abin da na ɗauko daga gida wanda ya fi jakar nauyi. Inna tana da jikoki, amma yayyena duk maza suke haifa, mace ɗaya da aka samu kuma aka sa mata sunan wata gwaggo. Inna ba ta taɓa yin ƙorafi a kai ba. Ni ne da bakina, a gindin rumbu, na ce mata in Allah ya sa mace ce, takwararta ce. Ta ce in daina surutu, Allah dai ya sauke yarinya lafiya. Amma furar da ta dama mani ranar, nonon ya fi na kullum yawa.

Wanda ya tsince ni a Kumasi wani tsoho ne mai sayar da goro a zango, Baba Gariba. Ya ce kakansa daga Gobir ya zo, shi kuwa bai taɓa ganin ƙasar ba, don haka kullum sai ya sa ni in ba shi labarin gero da rijiyoyinmu masu zurfi. Ya ba ni wurin kwana a barandar shagonsa, da safe ya saya mani shinkafa da wake. Ban taɓa jin ya ce mani "ai da ka sani" ba. Shi ne ya haɗa ni da ɗiyar maƙwabcinsa, Anti Efuwa, wadda ta yi karatun duwatsu, tana shirin tafiya Laberiya da masu injin haƙa. Ba Bahaushiya ba ce, amma a bakin zango ta tashi, tana jin Hausa irin tasu ta can, wadda mace da namiji duk "kai" ne.

Ta ce za ta gwada ni. Ta ɗauko wata ordinata mai kauri da nauyi, da roba a kusurwoyi da mariƙi kamar akwatin wanzami, ta ce wannan ko ta faɗi cikin taɓo wanke ta ake yi. Ta ce in buga sunana. Na gyara zama, na ɗora yatsu, na kafa mata ido don ta san da gwani take magana, na buga Laouali yadda muke rubuta shi a lakkwal, makarantar bokonmu ta Faransanci. Sai na ga ta rufe baki da hannu. Na duba allo, na ga an rubuta Lqouqli.

Raina ya ɓaci, na ce mata mashin ɗinta ne ke da aljanu. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta nuna mani. Kilabiyen da muka koya a Nijar, wato allon nan na maɓallan rubutu, na Faransanci ne, layin farko da A yake farawa. Nasu na Ingilishi da Q yake farawa, inda kuma muke da M su wani ɗigo mai wutsiya gare su. Yatsuna sun bi hanyar gida, sun faɗa gonar wani. Duk da haka ta ɗauke ni, don suna neman mai jin Faransanci da zai ratsa da su Kodebuwa.

Hanyar ba zan ce komai a kanta ba sai alhamdu lillahi. Ina bayan kamiyo, babbar motar kaya, bisa bututun ƙarfe, kowane shinge a sauko da ni in yi wa jandarma bayani. Bayan mun wuce iyakar Laberiya kwalta ta ƙare, aka shiga jan taɓo. Ni da na tashi inda ake roƙon ruwa, sai ga ni inda ruwa ba ya jin a bari. Rigata ba ta bushe ba tun daga iyaka har Ganta, garin ƙarshe da ke da kasuwa da rezo, wato inda waya ke kamawa. Abinci kuwa shinkafa da miyar ganyen rogo, safe da yamma. Na yi mafarkin fura har na daina ba mutane labari, don dariya suke mani.

Daga Ganta muka shiga daji, inda itatuwa suka rufe sama. Aikin shi ne inji ya huda ƙasa ya fito da dutse dogo-dogo kamar taɓarya, a jera a akwatuna, Anti Efuwa ta duƙa tana duba tana faɗi, ni ina bugawa. Nan na ga wulaƙanci. Maɓallan ordinatar ƙanana ne, ga tauri, ga haruffa ba inda na san su ba. Na koma tsintar su da yatsa ɗaya kamar kaza a masussuka. Tana akwati na uku ina na farko. Masu injin suka sa mani suna Mista Kiw, saboda harafin nan da ya hana ni sakat. Na yi fushi, har na fara tunanin in nemi motar komawa.

Anti Efuwa ba ta taɓa yi mani tsawa ba. Wata rana ta je Ganta sayayya, ta dawo da wani abu a cikin buhun shinkafa, ta miƙo mani tana kallon wani wuri. Kilabiye ne na Faransanci, tsoho, da igiyarsa, har wasu haruffan sun goge. Ta ce Ganta kusa da iyakar Gine take, a wurin wani mai kayan gwanjo ta gan shi, ta duba ta ga A a farkon layi, ta ce wannan ɗan garin su Lawali ne. Wallahi da na shafa shi sai da idona ya kawo ruwa.

Na soka igiyar a gefen ordinata, na buga, sai ga Q ta sake fitowa. Na ce shi ke nan, ni aka yi wa baki. Ta zaunar da ni ta ce haruffan da ke bisa maɓalli fenti ne kawai, ita ordinatar sai an gaya mata da wane harshe ake mata magana. Ta nuna mani wata ƴar alama a kusurwar allo daga ƙasa, da maɓallai biyu da ake dannawa tare ta juya daga Ingilishi zuwa Faransanci. Ta danna, na buga, sunana ya fito daidai. Ta kafa mani doka: in ita za ta yi rubutu bisa maɓallan jikin ordinatar za ta mayar da ita Ingilishi, ni kuma duk sa'ad da na zauna, in duba kusurwa kafin in taɓa komai.

Daga ranar na dawo mutum. Tana faɗi ina bugawa ina kallon tsuntsaye, har ita ce ke cewa in jira ta. Sai dai ita ordinatar ƴar wahala ce, kilabiyena kuwa ɗan gata. Ba ya son ruwa, ba ya son taɓo, ga tururuwa na shiga tsakanin maɓallai. Na riƙa naɗe shi a leda, in sake naɗewa da rawanina, in goge shi da tsohon buroshin haƙori. Masu injin suka ce ko matata ban kula da ita haka ba.

A dajin babu rezo ko kaɗan. Akwai dai wata ƴar na'ura da ake kafawa tana kallon sama, ta haɗa ordinatar da tauraron ɗan'adam na ɗan lokaci, a aika aikin ranar zuwa buro a Manrobiya. In wani yana da saƙon gida mai muhimmanci, a nan ake liƙa shi, mutumin buro ya kwafa ya tura ta waya.

Wata rana da hantsi ina goge kilabiye, sai ga Anti Efuwa da gudu, ordinata a hannu. Ta ce, "Lawali, kai ya haihu! Yaro mace!" Ƙanena Isufu ne ya kira buro. Sai dai mutumin buro ya kwanta zazzaɓi, saƙon ya yi kwanaki bisa teburinsa. Da muka lissafa, ashe jajibirin suna ke nan. Isufu ya ce dattawa suna jiran sunan da uba ya zaɓa, in ba su ji ba kafin safiya za su sa wanda ya sawwaƙa.

Murna ta cika ni, amma na sunkuyar da kai na ci gaba da goge-gogena. Ta tsaya tana kallona, ta tambaye ni ko ba na murna. Ta yaya zan yi mata bayani? A wurinmu ɗan fari abin kunya ne. Uba ba ya tsalle, ba ya washe baki gaban mutane, ko sunan ma ba ya kamawa. Na ce mata ina murna, a ciki take. Ta girgiza kai ta ce mu Hausawa sai Allah.

Ta kafa na'urar, ta zauna ta rubuta wa mutumin buro ƴan layuka da Ingilishi, cewa ya tura wannan suna yanzu-yanzu zuwa lambar Isufu. Sannan ta ɗago ta ce in faɗi sunan. Masu injin duk sun bar aiki sun kewaye mu, suna ta buga mani kafaɗa. Sunan mahaifiyata ne, wanda tun da na yi wayo bai taɓa fita daga bakina ba, ga shi kuma zai zama sunan ɗiyata ta fari. Kunya biyu a wuri ɗaya. Ko yanzu da zan rubuta shi sai da na nemi gafara: Ramatu.

Na ce mata ba na iya faɗi, amma ina iya bugawa. Ta soka igiyar kilabiyena ta turo mani. Na kau da kai wajen daji don kada ƙartin nan su ga ina kallon sunan, na buga shi da sauri, Ramatou, na janye hannu. Kusurwar allo ko tuna ta ban yi ba. Anti Efuwa ta dubi allo, ta ce, "Haka ne sunan?" Ban waiwaya ba na ce haka ne. Daga baya ta gaya mani ta ga abin wani iri, amma ta san rubutun Hausa da haruffa masu ƙugiya da ɗige-ɗige, ta ɗauka irinsu ne. Ta aika, ta naɗe na'urar.

Washegari na sayi zakara a ƙauyen da ke kusa, na yanka, aka dafa wa kowa. Na zaga bayan tanti ni kaɗai na yi ta murmushi kamar wawa. Ina ganin Inna a raina, zaune cikin mata, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunanta, tana rufe fuska da mayafi ana yi mata guɗa. Da wannan hoton na yi makonni ina aiki, ko ganyen rogon ma daɗi yake mani.

Sai da aka aike ni Ganta sayen gazuwal, man inji, sannan wayata ta ga rezo. Saƙonnin murya suka yi ta shigowa. Na fara buɗe na Hadiza, ina tsaye bakin wani shago. Kuka take. Ta ce ba ta san da bakin da za ta gode mani ba, ba ta taɓa zaton zan tuna da marainiya haka ba, na share mata hawayen da ta yi zaton sai a lahira. Ta ce da aka faɗi Ruƙayyatu sai ta ji kamar uwarta ce ta shigo gidan.

Na zauna a ƙasa, cikin taɓon. Ruƙayya sunan marigayiya surukata ne.

Na kira Isufu. Yana ta fara'a ya ce ai saƙon ya zo a hargitse, ya rasa kansa, ya kai wa liman. Liman ya duba ya ce harafin Q shi ne ƙaf na Larabci in an rubuta da boko, ga shi har sau biyu, ga ra a farko ga tu a ƙarshe, ba wani suna ba ne sai Ruƙayyatu. Da aka tuna kuma sunan uwar mai jego ne, sai kowa ya ce lalle Lawali ya yi hankali. Na ce ya ba ni Inna. Ta gaishe ni, ta tambayi aiki da ruwa, ta ce yarinya lafiya lau, ta sa mani albarka. Ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba. Ina jin muryar Hadiza kusa da ita, don a gidanmu waya a buɗe ake sa ta kowa ya ji. Na amsa da amin, na yi mata sallama.

Da na koma daji na sa Anti Efuwa ta buɗe saƙon. Ga shi nan: Rq;qtou. Ordinatar tana kan Ingilishin da ta yi rubutu da shi. Ta dafe kai ta ce laifinta ne, ita ta juya ta. Na ce dokar da ta kafa mani ni na karya. Ta ce a aika gyara. Na ce mata an riga an yanka rago, an yi fatiha, kuma wadda ta yi kukan daɗin nan ba ni da zuciyar da zan ce mata kuskure ne. Abin da ke cina shi ne Inna. Tana can tana ganin ɗanta ya yi mata alkawari a gindin rumbu, ya je ya ba wata, kuma ko a fuska ba za ta nuna ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a tafiyar. Aiki na tafiya, amma na rame, na daina tanka wa masu tsokana. Da ruwa ya yi ƙarfi aka tsayar da inji, Anti Efuwa ta sa aka sallame ni kafin kowa, ta ce wurina na nan in na dawo. Ta naɗe kilabiyen da kanta ta sa mani a jaka, ta ce in kai shi ya ba da shaida, tunda da shi aka yi ɓarnar.

Na iso gida ana cirar gujiya. Yarinya ta yi wayo, har tana zama. Na yi kamar ban gan ta ba, ina satar kallonta ta gefen ido, ga goshi irin na Inna sak. Ita Hadiza sai da ɗiyar ta fara tafiya sannan na gaya mata gaskiya, wannan kuma wani zance ne. A lokacin dai jira na yi sai da ta tafi rijiya da hantsi, gida ya rage daga ni sai Inna da jaririyar bisa cinyarta, tana ɓarar gujiya a inuwar zana.

Na fito da kilabiyen na durƙusa gabanta. Na shiga bayani, ga inda A take, ga inda Turawan Ingila suka sa tasu, ga kusurwar da ban duba ba. Inna ba ta yi boko ba. Ta dubi abin, ta dube ni, ta ce in kau da farantin nan in yi mata magana irin ta mutane. Na ce mata sunanta na buga, wallahi sunanta na buga, kunya ce ta hana ni dubawa.

Ta ture ƙwaryar gujiya gefe. Sannan ta ce ba za ta ɓoye mani ba, ta ji zafi. Da sanƙira ya faɗi sunan ta tashi ta shiga ɗaki kamar za ta ɗauko goro, ta zauna bakin gado sai da ta nutsu. Amma da ta fito ta ga fuskar Hadiza, sai ta ce a ranta yaron nan ya fi ta tunani, mai rai ai ana ganinta, wadda ta tafi ita ke bukatar a riƙa tunawa. Ta ce ashe ma ba tunanina ba ne, na Allah ne, ta yi ƴar dariya tana share ido da bakin zane.

Na ce duk da haka na kasa cika alkawari, kuma ban san ko za a sake samun mace tana raye ba.

Ta gyara wa yarinyar zama, ta ce, "Wagga, mi kuke ce mata cikin gida?"

Na ce Ummi, tunda Hadiza ba ta iya kama sunan uwarta.

"To da nawa aka sa mata, kai ka iya kamawa?"

Na ce a'a.

"Da mi za ka kira ta?"

Na shiga naɗe igiyar kilabiye. Ta ce da ni take magana, in buɗe baki in faɗi, nan ba kowa. Na dubi ɗiyata sosai, karo na farko ba da satar ido ba, na ce, "Ummi."

Yarinyar ta waiwayo. Inna ta ce, "Na'am."